Awa Nawa Injin Ya Yi? Lambobin da Ke Riƙe Ƙaramin Jirgi a Sama

Duk wanda ya je cinikin ƙaramin jirgin sama na hannu, kafin ya dubi fenti ko kujera, abin da yake fara tambaya shi ne awa nawa injin ya yi. A kan amsar nan farashi yake hawa ko ya sauka, kamar yadda mai sayen mota yake leƙa kilomita kafin ya taya. Tambaya ce mai ma'ana. Sai dai a cikin tarin lambobin da ke tattare da injin jirgi, ita aka fi girmamawa, kuma a ganina ita ce mafi ƙarancin bayani game da lafiyar injin a ranar da za a tashi da shi. Lambobin da suka fi ta faɗin gaskiya ƙanana ne. Wasu da giram ake auna su, wasu da milimita, kuma ba su cika shiga bakin 'yan ciniki ba.

Jiragen da nake magana a kansu su ne masu injin fistin guda ɗaya da farfela. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne wanda dokar Amurka ta 1982 ta zana wa iyaka: kujera ɗaya, nauyinsa ba mai ba mutum ƙasa da kilo 115, tankinsa bai wuce lita 19 ba, gudunsa bai wuce kilomita 102 a awa ba. Irin wannan ba ya buƙatar lasisin tuƙi ko rajista, kuma doka ba ta ɗora wa kowa duba injinsa ba, mai shi ne bakanikensa. A ɗaya gefen akwai Cessna 172 mai kujera huɗu, wanda aka fara sayarwa a 1956, aka ƙera fiye da 44,000. A tsakaninsu akwai ɗimbin jirage masu kujera biyu, yawancinsu da injin Rotax 912 na ƙasar Ostiriya ta Turai. Injunan nan sun zo yankinmu. Jiragen koyo 60 masu suna Air Beetle da aka harhaɗa wa sojan saman Najeriya a Kaduna injin Lycoming ne a cikinsu, ƙananan jiragen sintiri ƙirar Tétras da sojan saman Nijar suka yi aiki da su kuwa Rotax 912 ne.

Kowane kamfani yana ba injinsa wa'adin garambawul, wato awoyin da zai yi kafin a sauke shi, a warware shi ɗaya bayan ɗaya, a auna kowane ƙarfe. Lycoming O-320, mai ƙarfin doki 150 zuwa 160, wa'adinsa awa 2,000 ne. Rotax 912 ya fito a 1989 da wa'adin awa 600 kacal, aka yi ta ƙara masa yayin da injunan da ake warwarewa suke nuna sauran ƙarfi, har ya kai 2,000 a 2009. Rotax 582, mai bugu biyu, ɗan gidan su ƙaramin janareton da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, awa 300 aka ba shi. Don a gane nauyin awa 2,000, a buga lissafi. Injin Lycoming da ke juyi 2,400 a minti zai yi juyi miliyan 288 a wannan wa'adi. Rotax, da yake tafiya da kusan juyi 5,000 a minti yana rage wa farfela ta giya, zai yi miliyan 600. Kuma yawancin juyin nan ana yin sa ne da kashi 65 zuwa 75 cikin 100 na ƙarfin injin, awa bayan awa, nauyin da injin mota ba ya ɗauka sai a hawan tudu da lodi.

Akwai rabin jimlar da mai sayarwa yakan haɗiye. Wa'adin Lycoming awa 2,000 ne ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Na Rotax 912 awa 2,000 ko shekara 15. Idan aka raba, kamfanin Lycoming ya ɗauka injin zai riƙa yin kusan awa 167 a shekara, Rotax kuma 133. Mutumin da ya sayi jirgi don sha'awa, yake tashi awa 50 a shekara, sai ya shekara 40 kafin ya cika awa 2,000. Saboda haka injin da aka ce "awa 400 kawai ya yi" yana iya zama ɗan shekara 20 da ya fi zama a rumfa fiye da tashi, kuma a wurina ya fi injin makarantar koyon tuƙi mai awa 1,700 abin tsoro.

Dalilin shi ne ruwa. Duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da kusan litar ruwa. Mafi yawa yana fita ta salansa a matsayin tururi, amma wani yana sulalewa ta gefen ringi ya shiga baƙin mai, ya haɗu da dattin ƙuna ya zama ruwa mai cin ƙarfe. Idan injin ya yi zafi sosai, ruwan ya ƙafe. Idan an ajiye shi, baƙin mai ya tsiyaye daga saman ƙarafa ya bar su tsirara, tsatsa ta kama. A injin Lycoming kamshaf yana zaune ne sama da karanshaf, don haka shi ne farkon bushewa, kuma ƙananan ramukan tsatsa a kansa su ne suke zama ƙarfen da ake tsinta a filta daga baya. Shi ya sa kamfanin ya ba da lamba: a tashi da jirgin aƙalla awa ɗaya cur, baƙin mai ya kai digiri 74 zuwa 93 a ma'aunin Salshiyas, kada a wuce kwana 30 ba a yi haka ba. Ya kuma ce tayar da injin a ƙasa na 'yan mintoci ba ya maye gurbin wannan, domin zafin ba ya isa ya kori ruwan, sai ma ya ƙara wani. Har tukuici kamfanin ya sa: wasu injunan da ke yin awa 40 ko fiye a kowane wata ana ƙara musu awa 200 a kan wa'adi. Rotax kuwa ya ce a riƙa barin baƙin mai ya taɓa digiri 100 sau ɗaya a ranar da aka tashi, sannan duk tiyo da robar da ke jikin injin a canza su bayan shekara 5, ko da jirgin bai motsa ba.

Wani zai ce to ai sai a yawaita kwancewa ana dubawa. A nan ma alƙaluma suna da abin cewa. A Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin halittu ɗan Birtaniya, C. H. Waddington, yana cikin ayarin masu bincike da aka tura rundunar saman da ke farautar jiragen ƙarƙashin teku na Jamus. A 1943 suka ɗauki bayanan jiragen B-24 Liberator, waɗanda ake yi wa sabis duk awa 50, suka jera matsalolin da ake samu gwargwadon awoyin da suka wuce tun sabis na ƙarshe. Abin da ake zato shi ne matsala ta yi ta ƙaruwa har ranar sabis ta zo. Sai suka ga akasin haka: matsaloli sun fi yawa a awoyin farko bayan sabis, sannan su ragu a hankali, sai a sake shiga da jirgin gareji lissafi ya koma farko. Da aka tsawaita tazarar sabis, aka soke ayyukan da ba su da amfani, aka gyara rubutattun umarnin aiki, awoyin tashin rundunar suka ƙaru da fiye da kashi 60 cikin 100. A 1978 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin United Airlines, Stanley Nowlan da Howard Heap, suka kawo ƙarin hujja: kashi 11 cikin 100 ne kawai na kayan jirgin da suka bincika suke lalacewa gwargwadon tsufa, yayin da kashi 68 suka fi lalacewa suna sababbi, ko bayan an taɓa su.

Ba na son a ɗauki wannan fiye da inda ya tsaya. Binciken 1978 a kan manyan jiragen fasinja aka yi shi, kuma bawul ɗin salansa da ringi da tiyon mai na ƙaramin injin suna cikin kayan da tsufa yake ci da gaske. Darasin shi ne hannun mutum ma haɗari ne. Noti da aka ɗaure ba da ma'aunin ƙarfi ba, waya da aka manta ba a mayar ba, tsumma da aka bari a ciki, duk garin neman gira ne a rasa ido. Don haka tashin farko bayan babban gyara ya kamata ya zama a saman filin jirgi, da rana, ba fasinja, sannan a sauka a buɗe murfi a sake dubawa. Kuma abin da ba a taɓa ba ma yana iya kwancewa da kansa. A ranar 5 ga Maris 2015 injin tsohon jirgi ƙirar Ryan PT-22 na ɗan fim ɗin Amurka Harrison Ford ya mutu jim kaɗan bayan tashi daga Santa Monica, ya faɗa filin wasan golf. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta gano cewa babban bututun auna mai na cikin kafireta ya warware daga mazauninsa, mai ya yi wa injin yawa. An yi wa kafiretar garambawul tun 1998, kuma littafin kula da ita bai ce a riƙa duba ɗaurin wannan bututu ba.

To sau nawa injunan nan suke ba da matsala? Amsa mafi tsabta ta fito daga Ostireliya. Hukumar binciken sufurin ƙasar, ATSB, ta fitar da rahoto a 2016 a kan jirage masu injin ɗaya da nauyinsu bai wuce kilo 800 ba. Daga Janairun 2009 zuwa Disambar 2014 an kai rahoton mutuwar inji ko tangarɗarsa sau 322. Injin Jabiru, ƙirar gida, yana da 130, Rotax 87, Lycoming 58, Continental 28, sauran na wasu kamfanoni ne. Wanda ya tsaya a nan zai ce Rotax ya ninka Continental sau uku a lalacewa, kuma ya yi kuskure, domin jiragen Rotax sun fi yawa nesa ba kusa ba. Da aka raba da yawan jirage, sai ya zama Rotax ɗaya cikin 36, Lycoming da Continental ɗaya cikin 35, Jabiru kuwa kusan ɗaya cikin 10. Da aka raba da awoyin tashi, a duk awa 10,000 Jabiru yana da 3.21, Rotax 1.56, Lycoming 1.27, Continental 1.21.

Lambar 1.56 ba ta tayar da hankali sai an mai da ita rayuwar mutum. Tana nufin matsala ɗaya a kusan awa 6,400. Matuƙin da ke tashi awa 50 a shekara har shekara 20 zai tara awa 1,000, kuma a wannan ƙiyasi yiwuwar injin ya ba shi matsala aƙalla sau ɗaya ta kai kusan ɗaya cikin 7. Da lambar 3.21 ta haura ɗaya cikin 4. Ba kowace tangarɗa ce take ƙarewa da faɗuwa ba, da yawa an sauka lafiya. Amma wannan shi ne dalilin da malaman tuƙi suke janye totur ba zato su tambayi ɗalibi wane fili zai sauka. Abin da ya fi burge ni a rahoton shi ne inda ya sa yatsa. Kusan rabin matsalolin Jabiru karyewar wani ƙarfe ne, kuma a gaba akwai dogayen ƙusoshin da ke ratsa jikin injin su riƙe silinda, waɗanda suka karye sau 21. Tun a Disambar 2014 hukumar kula da jiragen ƙasar ta taƙaita yadda ake amfani da injunan, kamfanin kuma ya ƙara kaurin ƙusoshin daga 3/8 zuwa 7/16 na inci. Bambancin bai kai milimita 2 ba.

Sai dai inji mai lafiya ma yana mutuwa idan mai bai iso shi ba. A 2017 NTSB ta ce daga 2011 zuwa 2015 an riƙa samun haɗurra fiye da 50 a kowace shekara a Amurka saboda sha'anin mai. Kashi 56 cikin 100 man ne ya ƙare ƙarƙaf. Kashi 35 akwai mai a jirgin amma bai kai ga inji ba, galibi saboda an bar makunnin zaɓen tanki a kan tankin da ya bushe alhali ɗayan yana da mai. A kashi 95 cikin 100 an ambaci laifin mutum, lalacewar kayan mai kuwa ba ta kai kashi 5 ba. Lambar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta matuƙan: kashi 2 cikin 100 ne ɗalibai, kashi 48 masu lasisin sana'a ne. Ɗalibi yana hawa tsani ya tsoma sanda a tanki domin yana jin tsoro. Wanda ya saba shi ne yake yarda da allurar ma'auni da abin da ya tuna ya zuba jiya.

Irin man ma lissafi ne. Rotax 912 mai doki 80 yana shan fetur mai lambar oktan 90, mai doki 100 kuwa sai 95 ko sama, saboda ya fi matse iska, kuma fetur mai ƙaramar lamba zai fashe kafin lokacinsa ya ƙone kan fistin. Wanda ke sayen man mota don jirgi dole ya san lambar abin da aka zuba masa, ya tace, ya tsiyayi kaɗan daga ƙasan tanki a kwalba ya duba ko ruwa ya kwanta. Wanda ya ga yadda fetur mai yawan methanol ya shiga gidajen mai a Najeriya a Fabrairun 2022 ya san wannan ba tsoron banza ba ne. Mai injin bugu biyu yana da nasa awo, kashi 50 na fetur a kan 1 na baƙin mai, wato mililita 400 a jarka mai lita 20. A rage, fistin ya liƙe a silinda. A yawaita, fulogi ya toshe.

Man jirgi na ainihi, wanda ake kira 100LL, yana ɗauke da dalma har giram 0.56 a kowace lita. Injin O-320 yana shan kusan lita 30 a awa, wato lita 60,000 a wa'adinsa, wanda ke nufin dalma har kilo 33 tana iya bi ta cikinsa. Wata ta fita iska, wata ta daskare a kan fulogi da bawul, wata ta zauna a baƙin mai. Shi ya sa Rotax ya ce a yi juye duk awa 100 da man mota, amma idan mai dalma ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da ake sha, a koma awa 50. Wanda ya san abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai yi mamakin yadda ake son rabuwa da wannan mai ba. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da man mota mai dalma, a 2021, Amurka kuma ta sa ƙarshen 2030 a matsayin burin raba ƙananan jirage da shi. A Zariya, kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama da aka kafa a 1964 ta shigo da jiragen Diamond masu injin dizal da ke shan kananzir ɗin manyan jirage, wanda ya fi man dalma sauƙin samu a filayen jiragen yankin.

Akwai kuma lokacin da inji yake lafiya, mai yana isowa, amma ƙarfi ya ragu, matuƙi ya fara zargin bakanike. Iska ce. Injin da ba shi da na'urar cusa iska yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000 na tsayi, kuma zafi yana sa iska ta yi sakayau kamar an hau sama. Matuƙa suna da ƙiyasi: duk digiri ɗaya sama da zafin da aka ɗauka mizani yana ƙara ƙafa 120. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kusan ƙafa 1,560 sama da teku, inda mizanin ya ce digiri 12. A rana mai digiri 40 ta watan Afrilu bambancin 28 ne, a ninka da 120 ya ba da 3,360. Injin yana jin kansa a ƙafa 4,900, kuma mai doki 100 ya koma kusan 85, ga shi fiffike da farfela su ma ba sa samun iskar da za su kama. A filin jirgin Jos, da ya haura ƙafa 4,000, rana mai digiri 32 ta isa ta cinye kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin.

Abin mamaki shi ne ƙanƙara ma tana kama inji a ƙasa mai zafi. A maƙogwaron kafireta iska tana matsewa, fetur yana zama tururi, zafi yana iya faɗuwa da fiye da digiri 30 nan take. Littafin koyar da matuƙa na hukumar jiragen Amurka ya ce haɗarin ya fi yawa ƙasa da digiri 21 idan danshin iska ya haura kashi 80 cikin 100, amma yana iya faruwa har a digiri 38 da danshi kashi 50. Ke nan safiyar damina ta fi sanyin hunturu haɗari, domin iskar hunturu busasshiya ce. Alamar farko ita ce juyin inji yana raguwa a hankali ba a taɓa totur ba. Idan aka ja makunnin iska mai zafi, juyin zai ƙara raguwa, injin ya yi tari yana haɗiye ruwan da ya narke, sannan ya dawo. A tsakiyar tarin nan ne wasu suke firgita su mayar da makunnin. Idan jirgin ya faɗi, kafin masu bincike su iso ƙanƙarar ta narke, su tayar da injin ya tashi lafiya. Hunturu kuwa nasa sharrin ƙura ce: a jirage irin su Cessna, iskar zafin nan ba ta bi ta filta, don haka barin makunnin a buɗe a ƙasa yana shigar da yashi kai tsaye cikin silinda.

Yanzu ga ƙananan lambobin. A cikin kowace kafireta ta Rotax 912 akwai 'yan robobi biyu masu iyo a kan mai, su ne suke rufe ƙofa idan kwano ya cika. A 2014 kamfanin ya ba da sanarwa cewa wasu suna shan mai su yi nauyi su nutse, mai ya yi ambaliya. Gwajin shi ne a ɗora biyun a kan sikeli, kada su wuce giram 7. Akwai kuma toshe mai maganaɗisu da ke kama garin ƙarfe: idan tarin da ke kansa ya wuce milimita 3, sai an nemi inda yake fitowa. A injin Lycoming ana yanka filtar baƙin mai duk juye, a warware takardar cikinta a hasken rana, a bi ta da maganaɗisu. 'Yan ƙyalƙyali kaɗan na nufin a ci gaba da sa ido, rabin ƙaramin cokali na ƙarfe na nufin a sauke injin. Ko auna baƙin mai a Rotax yana da ƙa'ida, domin man a wani tanki na daban yake zama: sai an juya farfela da hannu, ta fuskar da take juyawa, har an ji tankin ya yi gyatsa, sannan sandar awo ta faɗi gaskiya. Wanda bai yi haka ba zai ga kamar mai ya ragu, ya ƙara, ya cika shi fiye da kima.

Kafin kowane tashi akwai gwajin wuta. Kowace silinda tana da fulogi biyu, kowanne da tushen wutarsa, don idan ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Matuƙi yana kashe ɗaya ya ga yadda juyi zai ragu, sannan ya gwada ɗayan. Littafin Cessna 172N ya ce a yi gwajin a juyi 1,700, raguwar kada ta wuce 125, bambancin ɓangarorin biyu kada ya wuce 50. Rotax 912 a juyi 4,000 ake gwada shi, raguwa har 300. Idan juyi ya faɗi da yawa injin yana karkarwa, galibi fulogi ɗaya ne ya toshe da dalma ko wayarsa ta lalace. Idan ya faɗi da yawa ba karkarwa, a duba saitin lokacin wuta. Sabon matuƙi yakan yi murna idan allura ba ta motsa ba ko kaɗan, alhali wannan ce amsa mafi muni: makunnin bai kashe komai ba, tushen wutar yana nan da rai ko an cire mabuɗi, kuma duk wanda ya taɓa farfelar a rumfa injin yana iya bugawa ya sare masa hannu.

Na bar awon matsin silinda a ƙarshe domin a kansa aka fi yin gardama. Ana tsayar da fistin a ƙololuwa, a hura iska mai matsi 80, a ga nawa silindar ta riƙe, a rubuta kamar 74/80. Tsohuwar ƙa'ida ta ce asarar da ta wuce kashi 25 cikin 100, wato ƙasa da 60/80, abin zargi ce, kuma an cire silinda masu yawa saboda lambar 59. A 2003 kamfanin Continental ya sauya nasa tsarin: a auna iyakar ranar da wani ma'auni na musamman, wadda takan faɗo cikin arba'in da wani abu, sannan a zura ƙaramar kyamara ta ramin fulogi a dubi bawul da ido kafin a yanke hukunci. Kunne ma yana aiki. Idan iskar tana fita ta salansa, bawul ɗin salansa ne. Idan ta kafireta ce, bawul ɗin shan iska. Idan ta bakin zuba baƙin mai ce, ringi ne, kuma wannan ya fi sauƙi.

Haka shan baƙin mai yake. Ƙa'idar Lycoming ta ba injin doki 160 damar shan kusan rabin lita a awa, wato lita ɗaya duk awa 2. A ɗauka wani inji ya shekara uku yana shan lita ɗaya a awa 10, sai a wata biyu ya koma lita ɗaya a awa 5. Har yanzu bai kai rabin iyakar kamfani ba, kuma mai duba takarda zai sa masa hannu. Amma shansa ya ninka, kuma ruwa ba ya tsami banza. A ɗauka kuma silinda biyu duk sun ba da 68/80 a dubawar bana. Littafin injin ya nuna ta farko tana ba da 69, 67, 68 shekara uku a jere. Ta biyu ta ba da 77, 76, 76, sai bana 68. Ta farko a bar ta. Ta biyu a tashi da jirgin kamar awa ɗaya, a sake auna ta da zafinta, a kasa kunne a salansa, a zura kyamara a dubi fuskar bawul: idan launin ƙunarsa zagaye yake daidai kamar idon sa, yana juyawa yana hucewa yadda ya kamata, idan kuwa ya karkata gefe ɗaya da ɗigon kore a baki, wurin yana ƙonewa, kuma jirgin ba zai sake tashi ba sai an cire silindar.